Marinin da Ya Ce A'a a Tsibirin Zarnu

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saki ruwa a kanta, Ya halicci mutane iri-iri, Ya ba kowace al'umma rabonta na hankali da rabonta na wauta. Ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don in na fara ba na son katsewa. Ni ne Nomau marini, mutumin Kwargaba, kuma abin da zan ba ku labari da idona na gan shi, da bakina kuma na jawo shi.

A Kwargaba gidanmu ne ke da marina. Rijiyoyin rini bakwai, kakan kakanmu ya haƙa su, kuma tun daga kansa babu namijin gidanmu da ya mutu da farin hannu. Sai wata shekara cuta ta faɗa wa baba, wato ganyen da muke yin shuni da shi. Ganye ya yi ɗige-ɗige ya zube, kwanso ya fito ba ƙwaya. Shekara ta biyu haka, ta uku haka. Muka bi ƙauyuka neman iri, ko'ina kukan ɗaya ne. Rijiyoyinmu suka bushe, suka fara tsagewa, ƙadangaru suka tare a ciki.

Yayana Arzika shi ne babban gida. Mutumin kirki ne, amma in ya yanke magana ko tsohuwarmu ba ta tanƙwara shi. Ranar da akuyar matarsa ta faɗa rijiya ta huɗu ta karye, ya kira ni ya ce, "Nomau, na gaji da gadin ramuka. Ruwan farko na sauka zan cike su da ƙasa in shuka gero a kai."

Na ce, "Yaya, rijiyoyin Kaka fa?"

Ya ce, "Kaka ya rina da abin da ya samu. Kawo mini iri ko cikin tafin hannu ne, in fasa."

Ya faɗi haka ne don ya san babu. Ni kuwa na taɓa ji a bakin fatake cewa can ƙarshen Kogin Malale akwai Tafkin Madubi, a tsakiyarsa akwai Tsibirin Zarnu, inda baba ke fin mutum tsawo. An gama girbi ke nan. Na lissafa, in ban yi wasa ba zan je in dawo kafin damina. Na ƙulle kilishi da ƙuli-ƙuli, na ɗauki ƙullin shuni na ƙarshe da ya rage mana, wanda mahaifinmu ya sarrafa da hannunsa, na kama hanya.

Kwana ashirin ina tafiya a ƙasa kafin in ga kogin. A bakinsa na yi ta tambayar masu jirgi, kowa na ji Zarnu sai ya tuna yana da wani aiki. Daga ƙarshe aka nuna mini Tunau, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji, haƙoransa biyu na gaba sun tafi sun bar shi, dariya kuwa ba ta bar shi ba. Ya taɓa zuwa tsibirin shekara ashirin da suka wuce. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka iya iyo?" Na ce a'a. Ya ce, "Madalla. Waɗanda suka iya su ne ke faɗa mini a ruwa. Shiga, dama na daɗe ina neman dalilin komawa."

Jama'a, ni ɗan tudu ne. Ruwa mafi zurfi da na sani shi ne na rijiyar rini, shi ma a bakinsa nake tsayawa. Ina sa ƙafa a kwale-kwalen nan ya yi wani lilo, sai na kwanta rub da ciki, na kama katako da hannu biyu, na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Kwana biyu ina haka. A na uku Tunau ya zungure ni da filafili, wato abin tuƙinsa, ya ce, "Malam marini, in ka idar, akwai duniya a waje."

Na ɗago kai. Wayyo, ashe asara nake yi! Giginya ce jere a gaɓa dama da hagu, ƙarƙashinta giwaye na wanka suna fesa wa juna ruwa. Bado ya rufe gefen kogi, yana buɗe fararen furanninsa ɗaya bayan ɗaya yayin da rana ke hawa. Wasu 'yan tsuntsaye masu launin da na yi shekara talatin ina nema a rijiya ban samu ba suna faɗawa ruwa suna fitowa da kifi. Daga ranar ban sake kwanciya ba, har Tunau ya fara ƙorafin na cika tambaya.

Rana ta goma sha biyu muka shiga Dajin Burgu. Ciyawa ce mai yawo a kan ruwa, curi-curi, kowane curi ya kai unguwa, tsawonta ya rufe mutum a tsaye. Iska na kaɗawa sai hanyar da ka shigo ta rufe, wata ta buɗe. Tunau ya ce shi da ƙarfin ruwa yake gane hanya, yana jin sa a filafili. Amma a shekarar ruwan ya yi ƙasa, ya kwanta lamo, ba ya motsi ko kaɗan. Kwana uku muna zagaye. Akwai wani busasshen itace da zalɓe ke tsaye a kansa da ƙafa ɗaya, sau huɗu muna wuce shi. A na huɗun Tunau ya gaishe shi, ya tambaye shi iyali. Ni dariya ba ta zo mini ba, don kowace rana da ta faɗi a wurin nan, damina ta matso ke nan.

Sai na tuna aikina. Marini ba ya tambayar rijiya ko tana motsi, launi yake kallo. Na kwance ƙullin shunin mahaifinmu, na ɗaure shi a tsumma, na zura da igiya can ƙarƙashin saiwar ciyawa. Muka leƙa, muka jira. Can sai ga wani siririn zare shuɗi ya fito daga tsumman, ya yi jim, sa'an nan ya miƙe ya nufi gabas. Ruwan yana tafiya a ƙasa, saman ne kawai ya mutu. Tunau ya daki cinyarsa ya ce, "Kai, ashe ba kaya na ɗauko ba, mutum ne!" Muka bi zaren yini biyu. Muna fita fili, na jawo igiya, tsumman ya dawo fayau ba komai. Na yi murna, na kuma yi ƙwalla, don shunin gidanmu ya ƙare ke nan a duniya.

Bayan kwana talatin da biyar muka tunkari wani kwazazzabo, duwatsu biyu sun tashi sama sun matse kogin a tsakaninsu. Daga nesa na ga duwatsun fari fat, na ce ko gishiri ne. Tunau, wanda mura ta kama har muryarsa ta dishe, ya yi mini raɗa da ƙyar, "Balbela ce. Duk abin da ka gani a ciki, kada ka yi shiru. Abin da ya yi shiru a kai suke sauka."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ni da ake roƙo in yi shiru. Muka shiga. Ina! Ruwa ne ke zubowa daga ƙwanƙolin duwatsun, siri-siri, wajen guda hamsin, kafin ya iso ƙasa ya zama feshi, bakan gizo kuma ya tsaya a cikin feshin, ɗaya bisa ɗaya har uku. Itatuwa sun maƙale a jikin dutse suna zubo da jajayen furanni a kan ruwa. Bakina ya buɗe, amma babu abin da ya fito. Balbela ɗaya ta sauka a gaban jirgi. Goma suka biyo ta. Kafin in farga sun kai ɗari, a kafaɗata, a kaina, a kan buhun guzuri, jirgi ya yi ƙasa har ruwa ya fara leƙowa. Tunau na ta buɗe baki ba sauti. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya kwaɗa mini filafili a gadon baya, ya matso murya da ƙyar ya ce, "Waƙa!"

To, ni tun ina yaro tsohuwarmu ta hana ni waƙa a tsakar gida, wai kaji na daina ƙwai. Amma rai ya fi kunya. Na cika ƙirji na rera waƙar da muke yi wajen bugun zane. Duwatsun nan suka karɓa suka dawo mini da ita ninki bakwai. Balbelun suka tashi gaba ɗaya har rana ta dushe, wani kada da ke shan hantsi a kan dutse ya silale ruwa bai waiwayo ba. Da muka fita na tambayi Tunau ko in ƙara baiti ɗaya don tsaro. Ya ce gara mu nutse.

A rana ta arba'in kogin ya shige ƙarƙashin wani dutse mai kama da ƙofa, ruwa na zuba a bakinta. Muka sunkuya muka ratsa, muka jiƙe sharkaf, muka fito Tafkin Madubi. Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Ruwan garau yake, kana ganin yashin ƙasa da inuwar jirginka a kansa, kifaye na wucewa kamar a iska suke. Na sake kama katako, don ji na yi a rataye muke. Tsaunuka kore shar sun kewaye shi. A tsakiya ga Zarnu, tun daga bakin ruwa har tudu baba ne, ya fi ni tsawo, kamar yadda fataken suka ce.

Da hantsi muka isa. Mutanen tsibirin suka sauko tarbarmu, kowa sanye da shuɗin da ya sa na ɓoye hannun rigata. A gabansu wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai kaifin ido, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Ita ce Iya Marka, mai riƙe da rumbun iri na tsibirin duka. Ta kalli hannuwana ta ce, "Baƙo, hannunka ya riga bakinka magana." Ta buɗe faifan. Irin baba ne, cike da ƙwarya, ƙosasshe, yana sheƙi. Ta ce, "Ga shi. Kana so?"

Ku da kuke zaune nan, ku gaya mini gaskiya, me za ku ce? Tsohuwa, sa'ar kakarka, daga saukarka ko ruwa ba ka sha ba, ta miƙo maka abu mai daraja haka. Za ka wawure kamar wanda ba a haifa a gida ba? Hannuna har ya fara miƙewa, amma bakina ya yi abin da aka koya masa. Na russuna na ce, "Haba Iya, a'a, ki bar shi. Daga zuwana? Kada in ɗora miki nauyi."

Na tsaya ina jiran ta ce karɓi mana. Sai ta ce, "To." Ta rufe faifai, ta juya, ta hau tudu abinta.

Na ji wani facal a bayana. Tunau ne ya zauna daɓas a cikin ruwa, ya dafe kai da hannu biyu. Na ce, "Za ta dawo, ko?"

Ya ce, "Ta dawo ina? Nomau, a Zarnu sau ɗaya ake tayi. Kowane baƙo kyauta ɗaya ake yi masa a rayuwarsa. In ya ce a'a, shi ke nan. Wanda ya sake tambayarsa ya kira shi maƙaryaci ke nan, kuma babu zagin da ya kai wannan a nan."

Na ce, "To bari in bi ta in ce na fasa."

"Ka ce da bakinka ƙarya ka yi. Su sa ka a jirgi su tura ka kafin azahar."

"To kai ka karɓar mini."

"Ni na karɓi tawa tun shekara ashirin. Ga ta nan," ya ɗaga filafilinsa.

Raina ya ɓaci, na ce, "Kwana arba'in muna tare, ka ba ni labarin surukarka sau shida, amma wannan ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Wa zai zaci mutum zai ratsa Dajin Burgu, ya yi wa balbela waƙa, ya zo a miƙa masa abin da ya zo nema ya ce ba ya so? Ni ma ai ɗan gida ne, na san kunya, amma ranar da aka miƙo mini filafilin nan yunwar kwana uku ta cinye tawa."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Babu wanda ya cuce ni, babu wanda zan zaga. An riga an tsince kwanson baba kaf, iri na cikin rumbun Iya, reshe kuwa ba zai kai Kwargaba da rai ba. Da aka kawo mana gasasshen kifi, matar da ta kawo shi ba ta gama cewa "kana" ba na ce, "Ina so!" har ta firgita.

Kwana tara na yi a tsibirin. Don kada tunani ya kashe ni, na shiga marinarsu ina taya su aiki. Suka ga yadda nake tace toka, na ga yadda suke shanya ganye a inuwa, muka ƙaru da juna. A rana ta bakwai na ga shamuwa garke-garke sun tashi sun nufi yamma. Tunau ya ce suna yada zango a hanya, amma nan da wata biyu da 'yan kwanaki suna kan kukar garinmu, ruwa kuma na bin bayansu.

Ranar ce Iya Marka ta zo ta zauna kusa da rijiyar da nake motsawa. Ta daɗe tana kallona, ni kuma ina satar kallon rumbunta. Ba ta da ikon sake tambayata, sai ta bi ta gefe. Ta ce, "Ɗan nan, a garinku yaya ake ba baƙo abu?"

Na ce, "Iya, a miƙa masa ya ce a'a. A sake miƙawa ya ce ɗawainiyar ta yi yawa. A na uku a yi masa faɗa, sai ya karɓa."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Wato kafin kowace loma sai kun yi ƙarya biyu? To yaushe kuke ƙoshi?"

Na ce, "Ba ƙarya ba ce a wurinmu, Iya. In na ce a'a, na ba ki hanya ne. In abin naki kaɗan ne, ki riƙe shi ba tare da kin ji kunya ba. In kuwa da gaske kike, sai ki nuna mini."

Dariyar ta ɗauke. Ta juya ta kalli tafki. Can ta ce, "Ranar da 'yata za ta koma tsibirin mijinta, can bayan tsaunin nan, na ce ko in raka ta in kwana biyu. Ta ce a'a. Na ce to. Shekara talatin ke nan, har yau fuskarta ta ranar ba ta bar ni ba." Ta tashi ta karkaɗe zaninta ta tafi.

Washegari ina zaune a gaɓa na ga wani masunci zai shiga jirgin Tunau ya ari wuƙa. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ruwa ya ce, "Mai jirgi, mece ce dokarka?" Na tambayi Tunau ma'anar wannan. Ya ce a wurinsu jirgi ƙasar mai shi ce, wanda ya hau, al'adar mai jirgi zai bi. Na miƙe tsaye. Na ce, "Tunau, ka ba ni jirgin nan na yini ɗaya."

Ya gane. Ya washe giɓinsa ya ce, "Ga jirgi. Kana so?"

Na ce, "Ina so, ina so, ina so!"

Na je gaban dattawan tsibirin na ce ina gayyatar Iya Marka cin abinci a jirgina, kuma a ƙasarmu baƙo da tsaraba yake zuwa. Suka yi ta muhawara har rana ta karkata. Daga ƙarshe babbansu, wani dogo mai farin gemu, ya ce, "Doka ta ba ka. Amma in al'adarku ce za a yi, a yi ta cikakkiya, kada ta zama dabara. Ka ce sau biyu kuke ƙi. To, sai ka ƙi sau biyu, da ƙarfi, kowa ya ji. Ba ƙifta ido, ba nuni. Abokinka kuma ya rufe baki. In ta ce 'to', magana ta ƙare har abada."

Kun ji inda na sa kaina. Sai in sake ƙin abin da na fi so a duniya, har sau biyu, a gaban tsohuwar da ta yi shekara saba'in tana cewa "to".

Da safe duk tsibirin ya hallara a gaɓa, har masu goyo. Na shimfiɗa tabarma a jirgi, na ajiye yankin kilishin da ya rage mini. Iya Marka ta sauko da ƙwaryarta, ta tsaya da ƙafa ɗaya a ruwa ta ce, "Mai jirgi, mece ce dokarka?" Na ce ta Kwargaba. Ta shiga ta zauna, muka gaisa, ta ɗanɗana kilishi ta ce yaji ya yi yawa. Sa'an nan ta buɗe faifai ta turo ƙwaryar gabana ta ce, "Ga tsarabarka."

Na ce, "Haba Iya, a'a, ki bar shi."

Wallahi da idona na ga hannunta ya tafi da kansa, ya ɗauki faifan ya rufe ƙwaryar. Leɓenta ya tattaru, "to" ɗin nan ya zo har bakin ƙofa. Tunau ya cusa bakin filafili a bakinsa ya ciza. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ina ganin rijiyoyin Kaka da gero a kansu. Ba ka jin komai sai ruwa na lasar jirgi.

Sai na ji wata 'yar murya, kamar ta mai ɗaga dutse, ta ce, "Ka... karɓa mana."

Gaɓa ta ɗauki salati. Wata mata ta toshe kunnen 'yarta. Saura ɗaya. Na ce, "Ayya Iya, ɗawainiyar ta yi yawa. Ki riƙe abinki."

Jama'a, ban san abin da na kwance ba. Tsohuwar nan ta miƙe tsaye a cikin jirgi, ta gyara ɗaurin zani, ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai ɗan nan, raina ni ka yi? Ƙwaryata ce ta yi maka ƙanƙanta, ko hannuna ne ba ka so? Na sauko da tsufana, da ciwon gwiwata, ka ce in riƙe abina? Buɗe rigar nan!" Babu wanda ya koya mata. Ta kama gaban rigata ta juye irin nan kaf a ciki, ta ƙulle da hannunta, ta ƙara da dungure mini kai.

Na fashe da kuka, Tunau ya fashe da dariya, jirgi ya kusa kifewa. Ita kuwa Iya abin ya yi mata daɗi, ta ƙi sauka. Ta aika a kawo busasshen kifi, ta ce in ƙi. Ta aika a kawo zuma, ta ce in ƙi. Har dattijon nan mai farin gemu ta kira ya hau jirgi don ta tilasta masa cin kilishi. Da za mu tashi ta ɗauko ƙullin kayanta ta ce mu sauke ta a tsibirin bayan tsauni, kuma kada mu bar gaɓa, don a cikin jirgi, bisa dokar Kwargaba, za ta yi magana da 'yarta. Yadda suka ƙare ba nawa ba ne in faɗa. Na dai san mun bar ta a can, 'yar na riƙe da ƙullin kayan.

Komawa ta fi zuwa wuya, don ruwa muke haurawa. Na koyi tuƙi har tafin hannuna ya yi kanta. Na yi wa balbela waƙa tun kafin a roƙe ni, a Dajin Burgu kuwa ruwa ya ƙaru, Tunau ya ji hanyarsa. Muka rabu a inda muka haɗu, ya rungume ni ya ce in sake zuwa amma in bar muryata a gida. Tafiyar kwana ashirin ta ƙasa na yi ta a goma sha huɗu, ina kallon hadari na haɗuwa a gabas.

Ruwan farko ya riga ni da kwana biyu. Na shigo Kwargaba ƙasa na ƙamshi, ban bi ta gida ba, na zarce marina. Na tarar da Yaya Arzika shi kaɗai da fartanya da kwando. Rijiya uku sun cike, ya fara ta huɗu. Ya rame. Daga baya matarsa ta gaya mini tun da na tafi bai ci abincin kirki ba, yana cewa shi ya tura ƙanensa ga halaka.

Ya ɗago ya gan ni. Ya ajiye fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance jakar da na zuba irin, na buɗe a gabansa. Na ce, "Yaya, ka ce cikin tafin hannu. Ga shi."

Ya kalli irin, ya kalli rijiyoyin da ya cike. Ya kau da kai ya ce, "A'a, Nomau. Bar abinka. Ni da na zuba wa Kaka ƙasa, ban cancanta ba."

Na ce, "Karɓa mana, Yaya."

Ya ce, "Wahalarka ce. Kai ka shuka."

Sai na miƙe, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na ce, "Raina ni ka yi? Wata biyar ina kan hanya, na kusa nutsewa, na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba, ka ce in bar abina? Buɗe hannun nan!" Na kama hannunsa na buɗe, na zuba har yana zubewa ta tsakanin yatsu.

Ya daɗe yana kallon tafinsa. Sa'an nan ya juye irin a aljihu a hankali, ya tsince wanda ya zube ɗaya bayan ɗaya, ya share ido da hannun riga. Ya ɗauki fartanya ya sauka rijiya ta huɗu. Daga ciki na ji muryarsa ta dawo irin ta da, yana cewa, "To, tsayuwar me kake yi? Miƙo kwandon, ƙasar nan ba za ta fitar da kanta ba."